Ƙanwata tana ƙonewa ba ta ji, an ce sai an yi mata aiki a ƙeya

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata ce mai shekara 23, tana ɗinki a gida nan Kano. Ta daɗe tana fama da ciwon kai a ƙeya, wanda ke taso mata idan ta yi tari ko atishawa ko ta ƙyalƙyale da dariya. Kwanan baya dutsen guga ya ƙone ta a hannun dama ba ta sani ba, sai da wurin ya yi bororo. Aka yi zaton kuturta ce, aka duba aka ce ba ita ba ce. Wasu suka ce shafar aljanu. Daga baya aka yi mata hoton MRI, takardar ta nuna "Chiari I" da "syrinx", likita ya ce sai an yi tiyata. Mahaifiyarmu ta ce ba za a fasa kan 'yarta ba, ga shi kuma an sa mata rana bayan Babbar Sallah. Wane irin ciwo ne wannan, kuma babu maganin sha?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba ta lafiya. A cikin duk abin da kika lissafa, ƙunar dutsen gugar nan ta fi ɗaukar hankalina, har fiye da sunayen da ke kan takardar.

A gindin ƙoƙon kai akwai wata ƙofa da laka ke fitowa ta cikinta daga ƙwaƙwalwa, ta gangara cikin ƙashin wuya da na baya. Daidai saman ƙofar, ta ɓangaren ƙeya, ƙaramar ƙwaƙwalwa take zaune, wadda ke daidaita tafiya da motsin gaɓoɓi. Wasu mutane an halicce su da ɗakin ƙeyar nan ƙarami, ya yi wa abin da ke cikinsa kaɗan, sai ƙasan ƙaramar ƙwaƙwalwar ya zurara cikin ƙofar ya matse ta. Idan zurarawar ta kai milimita 5 ko fiye a hoto, shi ne ake kira Chiari na ɗaya, da sunan Hans Chiari, likita ɗan Ostiriya da ya bayyana shi a 1891. Ba ƙari ba ne, ba daji ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Galibi da shi ake haihuwar mutum, sai dai ba ya nuna kansa sai an tasa, sau da yawa tsakanin ƙuruciya da shekara talatin da wani abu.

Abin da ke kawo matsala shi ne ruwa. Ƙwaƙwalwa da laka suna cikin wani ruwa garai-garai, kimanin mililita 150 a jikin babba, kuma jiki na samar da kusan rabin lita a kullum yana shanye tsohon. Duk bugun zuciya, ruwan nan na kai da komo ta wannan ƙofa. Idan mutum ya yi tari ko yunƙuri, matsi na tashi a cikin kai, a wurin mai lafiya ruwan ya wuce salin alin. A wurin ƙanwarki hanya ta ƙuntata, shi ya sa take jin sara a ƙeya na ɗan lokaci, daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, sannan ya lafa. Irin wannan ciwon kai daban yake da na gajiya ko na zazzaɓi, kuma shi ne alamar da tiyata ta fi warkarwa.

Kalma ta biyu da ke takardar na nufin ruwan da ya rasa hanya ya taru a tsakiyar lakar kanta, ya yi kogo mai tsawo, yawanci a wuya. A nan amsar ƙunar take. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da sanyi da raɗaɗi suna tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan ta tsakiyar laka, daidai inda kogon ke farawa, don haka su ne farkon lalacewa. Waɗanda ke kai saƙon taɓawa ta bayan laka suke bi, kogon bai cika isa gare su da wuri ba. Shi ya sa za ki ga tana jin yadi a hannunta, tana zura zare a allura, amma ta dafa ƙarfe mai zafi ba ta sani ba. Idan likita ya bi jikinta da tsinin allura da kwalbar ruwan ɗumi, sau da yawa wurin da ba ya ji ya kan kama kafaɗu da hannaye da saman baya, kamar inda gyale ke rufewa idan an yafa shi. Wanda ya fara zargin kuturta bai yi wauta ba, domin a ƙasarmu hannun da ke ƙonewa ba ji dole a kawo ta a rai. Amma ita tana zuwa da tabo mai haske a fata da kaurin jijiya, kuma ba ta sa ciwon ƙeya idan an yi atishawa.

To, shin dole ne a yi aiki? Ba duk mai Chiari ake yi wa ba. Akwai mutane da yawa da ake gano shi a jikinsu bisa katari, an je hoto don wani abu daban, ba su da wata alama. Waɗannan sa ido kawai ake yi, kuma ni ba na goyon bayan a taɓa mutum don lambar milimita da aka rubuta a takarda. Amma idan an haɗa abu uku, wato ciwon ƙeya mai tashi da tari, kogon ruwa a laka, da alamar cewa jijiya ta fara mutuwa, to likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ba su cika saɓani ba. Ƙanwarki, bisa bayaninki, ta haɗa ukun. Ban gan ta ba, ban ga hoton ba, amma shawarar da aka ba ku ba ta ba ni mamaki ba.

Maganin sha na iya rage raɗaɗi, ba ya buɗe ƙashi. Kuma laka ba ta farfaɗowa yadda fata ke yi. Idan kogon ya ci gaba da faɗi, abin da ke biyo baya shi ne ramewar tsokar tafin hannu, yatsu su lanƙwashe, almakashi ya gagare ta riƙewa, daga baya ƙafafu su yi nauyi. A wasu yana tafiya a hankali cikin shekaru, a wasu ya tsaya na wani lokaci, a wasu ya yi sauri, kuma babu hoton da zai faɗa miki wane rukuni take ciki. Babban burin aikin shi ne a tsayar da ɓarnar inda ta tsaya. Abin da aka riga aka rasa, wani ya kan dawo, wani ba ya dawowa, musamman rashin jin da ya daɗe.

Ki zauna da Hajiya ki bayyana mata yadda aikin yake, domin kalmar "fasa kai" ce ta tsorata ta, kuma tana da gaskiyar jin tsoro. Ana yi wa mutum allurar barci, a kwantar da shi ruf da ciki, a aske gashi kaɗan a ƙeya. A tsaga fata a tsaye daga ƙeya zuwa saman wuya, a janye tsoka gefe, a cire ɗan ƙashi daga bayan ƙofar, kimanin santimita 3 a tsawo da faɗi, tare da bayan ƙashin wuya na farko. Sannan yawanci, musamman idan akwai kogon ruwa, a buɗe tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa a yi masa ƙari da wani yanki, ko daga jikin maras lafiyan ko na roba da aka tanada don haka, a ɗinke yadda ruwa ba zai yoyo ba. Tunda ƙanwarki tela ce, wannan ba zai yi mata wuyar ganewa ba. Ba a shiga ɓangaren tunani ko magana ko hadda, ba a ma kusa da su. Aikin na ɗaukar 'yan sa'o'i, kwanciya asibiti kusan mako guda idan komai ya tafi daidai, sannan makonni na ciwon wuya da sanƙarewa, wanda masu gashin ƙashi na asibiti ke taimakawa a kansa. A mafi yawan mutane ciwon ƙeya na sauƙi da wuri, kogon kuma ya riƙa motsewa cikin watanni ba tare da an taɓa shi ba. Ana sake hoto bayan wasu watanni a gani.

Haɗari akwai shi, kada wani ya ce miki babu. Wanda aka fi gani shi ne ruwan ya yoyo ta ɗinki ko ya taru ƙarƙashin fata, sai cutar da ke shiga raunin aikin ko ta kai ga sanƙarau, sai zubar jini da matsalar allurar barci. Wasu kaɗan sai an sake komawa. Ku tambayi likitan kai tsaye yadda yake yin nasa, da abin da zai yi idan ruwa ya yoyo. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, haka kuma ba ya jin haushin a ce za a nemi ra'ayin wani. A nan Kano akwai sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ku tafi da hoton kansa, faifan ko fim ɗin, ba takardar rahoto kaɗai ba.

Kafin a sa wuƙa akwai abubuwan da nake son a tabbatar. A duba ko ruwa ya taru a cikin ƙwaƙwalwar kanta, domin idan haka ne shi ake fara magancewa, wani lokaci ma ya wadatar. A ga lakar gaba ɗaya, da allurar da ke haska hoto, saboda ƙari a laka ma na yin kogo. A duba mahaɗar kai da wuya, don idan tana da sassauci sai an ɗaure ta da ƙarfe. Kuma ku faɗa wa likita idan ta taɓa yin sanƙarau, ko tarin fuka, ko faɗuwa mai tsanani. A garin da ya ga annobar sanƙarau irin ta 1996, kuma tarin fuka bai ƙare ba, ba ma mantawa cewa tabon da suke bari a kewayen laka na iya kawo kogo bayan shekaru, kuma aikinsa daban ne.

Addu'a da ruƙiyya ba su hana komai, a yi ta yi. Abin da nake roƙo shi ne kada a kai ta wurin mai ɗori ya murɗa mata wuya ko ya ja kai, kada a yi mata ƙaho ko tsaga ko gashi da ruwan zafi a wurin da ba ta ji, don za ta ƙone ba ta ce uffan ba. Kada kuma a ɗebi ruwan bayanta da allura a wani asibiti ba tare da an san tana da wannan lalura ba, hakan na iya ƙara jawo ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙasa. Ta bar ɗaukar jarkar ruwa a ka, ta guji taurin bayan gida, ta riƙa gwada ruwan wanka da ƙafa ko hannun da ke ji, guga kuma wani ya karɓa mata.

Batun biki. Wannan ciwo ba ya hana aure, ba ya hana haihuwa, mata da yawa masu shi sun haihu lafiya. Sai dai naƙuda yunƙuri ce, kuma allurar baya da ake yi lokacin tiyatar haihuwa tana buƙatar shawara a wurin mace irinta, don haka a ganina ya fi a gama da aikin kafin ciki ya shiga, ko da za a ɗan ɗaga ranar. A gaya wa angon da iyayensa gaskiya tun yanzu, ya fi su ji a bakinku da su ji a bakin 'yan unguwa. Idan kuwa kafin ranar ganin likita ta fara ƙwarewa in tana shan ruwa, ko muryarta ta dishe, ko numfashinta na ɗaukewa cikin barci, ko tana tangaɗi, ko fitsari ya fara kufce mata, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati, ku kai ta sashen gaggawa a ranar.