Wane Inji Zan Sa Wa Ƙofar Garejina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama gini a Kaduna, ƙofar garejina irin wadda ake ɗagawa sama ce. Ina son injin da zai riƙa buɗe ta da rimot. Ƙanena da ke Amurka ya ce zai aiko min da ɗaya. In karɓa, ko in saya a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya sanya albarka a gidan. Malam, ka yi wa ƙanenka godiya, amma ya dakata tukuna. Injinan Amurka wuta mai bolt 120 suke sha, tamu kuwa 230 ce. Ka jona kai tsaye ya ƙone, ka sa taransifoma ka ƙara wa kanka abin gyara. Nemi mai 220 zuwa 240 a wurin dillalin da ke da kayan gyaransa.

Kafin ka je kasuwa ma, gwada ƙofar. Ba inji ke ɗaukar nauyinta ba, sifirin ne. Ɗaga ta da hannu zuwa daidai ƙugunka, ka saki. In ta tsaya cak, madalla. In ta rikito ƙasa, komai ƙarfin injin da ka sayo sai ta kashe shi. Gyaran sifirin kuma na masu sana'ar ne, kada ka sa hannu, yana karya yatsu.

Inji mai jan ƙofa da sarƙa ya fi araha, yana jure wahala, sai dai ƙara. In akwai ɗakin kwana kusa da garejin, ɗauki mai bel, kada ka riƙa tada iyali duk dare. Ƙofar mota ɗaya, inji mai ƙarfin 600N (N ma'aunin ƙarfin jan injin ne) ya wadatar. Mai faɗi da nauyi kuwa, nemi 1000N.

Batirin da zai riƙe injin in an ɗauke wuta ne ba zan sassauta maka ba. A jihar Kaliforniya ta Amurka, bayan gobarar daji ta 2017 ta katse wuta, wasu suka kasa fitar da motocinsu, doka ta wajabta batir tun daga Yulin 2019. To su ke nan, balle mu da NEPA. Sayi mai batir ko ka haɗa shi da inbata, ka kuma sa masa sitabilaiza. Jar igiyar da ke lilo a jikin injin ita ke sakin ƙofa a buɗe da hannu, kowa a gidan ya san ta.

A sa masa idanun lantarki biyu, wato sensa, a gefen ƙofa, santimita 15 daga ƙasa, masu mayar da ita sama in yaro ya gifta. Da hunturu ƙura kan rufe su, ƙofa ta ƙi sauka, mutane su ce inji ya lalace, alhali goge su da tsumma ne kawai maganin. Rimot kuma ya zama mai sauya lamba a kowane danni, saboda ɓarayi.

Ranar da aka haɗa, ka kwantar da guntun katako a bakin ƙofa ka danna rimot. In ta taɓa shi ba ta koma sama ba, kada ka cika wa mai aikin kuɗinsa sai ya daidaita.