Amsar murya: ciwon kafaɗa wurin masu wasan lilo a sama

Assalamu alaikum jama'a. To ƙanwata, na saurari saƙonki. Kin ce tunda kika ƙara kwanakin atisaye a wasan hawa ƙyallen nan da ake ratayawa a sama, kafaɗarki ta dama ke miki ciwo ta gaba, musamman in kin ɗaga hannu.

Tsamin jiki daban, ciwo daban fa. Tsami washegari yake zuwa, ya yi kwana 2 ko 3 ya wuce. Amma wanda za ki nuna wurinsa da yatsa ɗaya, yana sukarki kamar allura, to mai yiwuwa jijiya ce ta gaji.

Yawanci daga wurin reto ne. Mutum ya kama ƙyalle ya saki jiki gaba ɗaya kamar buhu a ƙusa, kafaɗa ta haɗe da kunne. Ita gaɓar kafaɗa ba ta da zurfi irin ta kwatangwalo, wasu ƙananan tsokoki 4 ne ke riƙe kan ƙashin a mazauninsa. In kin saki jiki, nauyinki duka kan jijiyoyi yake sauka. Ki bar 'yar tazara tsakanin kunne da kafaɗa, ki ɗaure ciki, kada haƙarƙari ya turo gaba. Ba wai ki danne kafaɗar da ƙarfin tsiya ba, shi ma ɓarna ne.

Kafin ki hau, minti 10 zuwa 15 na ɗumama jiki, sai kin fara gumi. Sannan ki ɗauki robar motsa jiki, ki maƙale tawul tsakanin gwiwar hannu da haƙarƙari, ki riƙa buɗe hannun waje a hankali, sau 15, zagaye 3. Dogon miƙe jijiya kuwa ki bari sai an tashi.

Yanzu dai ki ajiye salon faɗowa (wato ki sako jiki daga sama ƙyallen ya tare ki) da reto da hannu ɗaya, har ciwon ya lafa. Kuma don Allah kar a sha maganin kashe zafi a hau sama, ciwon kawai yake rufewa, ɓarnar tana ci gaba.

In yana tashinki barci da dare, ko yatsu na sagewa, ko kin ji kafaɗar kamar za ta goce, ki je wurin likitan gashin ƙashi ya duba. Kada ki bari kowa ya ja miki ita da sunan gyaran targaɗe.