Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Aberystwyth

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga saƙonka, kuma barka da samun gurbin digiri na biyu a Jami'ar Aberystwyth, Allah ya sa albarka. Ka tambaye ni abu biyu: yadda za ka isa garin daga filin jirgin sama, da kuma ko zai yiwu ka zauna wurin ɗan'uwanka a Birmingham kana zuwa aji ta jirgin ƙasa don ka huta da kuɗin haya. Amsar duka biyun tana rataye da tashar jirgin ƙasa ta garin, don haka bari in bayyana maka ita.

Aberystwyth ƙaramin gari ne a gaɓar tekun yammacin Wales, kuma a tasharsa layin dogo yake ƙarewa. Jirgi ya shigo, ya sauke mutane, ya juya ya koma ta inda ya fito. An buɗe tashar a 1864, shekara takwas kafin a kafa jami'ar a 1872, kuma babban ginin da za ka gani a gaba kamfanin Great Western ne ya gina shi a 1925. A da tasha ce mai hada-hada, har da wani layi da ke yin kudu zuwa Carmarthen. Ambaliya ta lalata wani sashe na wannan layi a ƙarshen 1964, aka daina ɗaukar fasinja a kansa gaba ɗaya a 1965, ba a kuma mayar da shi ba har yau. Shi ya sa in kana son zuwa kudancin Wales sai dai ka hau bas, ko ka zaga ta Ingila a jirgi. Hanyar dogo ɗaya ce ta rage, ta gabas, ta Machynlleth zuwa Shrewsbury da Birmingham.

To, maganar zama a Birmingham, ka cire ta daga ranka. Tafiyar kusan awa uku ce zuwa, awa uku dawowa. Galibin hanyar layi ɗaya ne, jirage sai sun jira juna a wasu wurare kafin su wuce, don haka in ɗaya ya makara ya ja wa sauran. Jirgin ma ba ya tashi a kai a kai. Wani lokaci bayan awa ɗaya, wani lokaci sai bayan biyu. Da hunturu kuwa, in ruwa da iska suka yi ƙarfi, musamman wajen bakin kogin Dyfi inda dogon ke bin fadama, akan soke jirgi a kawo bas a madadinsa. Kuɗin tikitin da za ka kashe a wata zai cinye abin da kake ganin ka rage na haya, ga makara a aji, kuma ka san bizar ɗalibi ana duba halartar darasi. Ina faɗa maka wannan ne don ba na son ka zo ka sha wahalar da za a iya kauce mata. Ka nemi ɗaki a garin tun yanzu, ɗan'uwanka ka riƙa kai masa ziyara a ƙarshen mako.

Batun isowa kuwa, in ka samu jirgin sama mai sauka Birmingham, ko da zai yada zango a wata ƙasa, ya fi maka Landan sauƙi nesa ba kusa ba. Daga filin jirgin akwai ɗan ƙaramin jirgi na kyauta da zai kai ka tashar Birmingham International cikin 'yan mintuna, daga nan kuma jirgin Transport for Wales yake tasowa zuwa Aberystwyth. Amma ka kula da abu ɗaya: a Machynlleth ana raba jirgin gida biyu, wasu taragu su nufi Aberystwyth, wasu su yi arewa zuwa Pwllheli. Da ka shiga, ka tambayi mai duba tikiti ko taragon da kake ciki shi ne naka. Kada kunya ta hana ka. Sanarwa ma da harshen Wales ake fara ta kafin Turanci, ka ɗan saurara har a zo wanda kake ji.

Tashar kanta ba ta da girma. Dandamali ɗaya ne ake amfani da shi, ba hawa ba sauka, za ka ja akwatinka har bakin titi. Akwai ofishin sayar da tikiti, tasi na jira a waje, tashar bas kuma tana gefe. Tsohon ginin nan na 1925 yanzu mashaya ce da gidan abinci mai suna Yr Hen Orsaf, kada ka ɗauka ɗakin jiran fasinja ne. In masaukinka a Penglais yake, inda harabar jami'ar take, ka ɗauki tasi a ranar farko; tudu ne mai tsayi, da kaya a hannu zai galabaitar da kai.

A jikin tashar za ka ga wani ɗan siririn dogo da jirgi mai tururi. Wannan shi ne layin Vale of Rheidol, wanda aka buɗe a 1902 don jigilar dalma da katako da fasinja daga tsaunuka, yanzu kuma masu yawon buɗe ido yake kaiwa Devil's Bridge, kusan mil 12. Ya cancanci ka hau shi sau ɗaya in rani ya yi.

Da zarar ka yi rajista a jami'a, ka sayi katin rangwamen jirgin ƙasa na 'yan shekara 16 zuwa 25. Yana rage kashi ɗaya bisa uku na kuɗin yawancin tikiti, kuma ko ka haura 25 za a ba ka muddin kai ɗalibi ne na cikakken lokaci. Ka turo mini ranar saukarka da lokacinta in duba maka jirgin ƙarshe na wannan rana, don in dare ya yi maka gara ka kwana a Birmingham. Ka gaida su Mama.