Gangar wuski a Sikotland: sunan wa ke cikin littafin sito?

Wani mai sayar da kayan gyaran mota a Jos ya aiko da tambaya. Ƙanen matarsa da ke Birtaniya ya saya masa gangar wuski kan fam 4,000 ta hannun wani kamfanin dillalai, kuma an ce tana ajiye a siton da ke ƙarƙashin kulawar kwastan a Sikotland. An yi masa alkawarin kuɗin zai ninka uku cikin shekara biyar. Abin da ke hannunsa hoton satifiket ne da aka turo ta WhatsApp. Yana so ya san ko ya ƙara ta biyu.

Ɗan'uwa, kada ka ƙara ko kwabo. Ka ce kai Kirista ne. Masu karatu Musulmi kuwa sun san cinikin giya haramun ne a gare su, babu saɓani. Kai zan ba amsa a kan kuɗinka.

Cinikin biri a sama ka yi. Satifiket ɗin nan kamfanin dillalan ne ya buga shi, kuma duk mai na'urar buga takarda zai iya fitar da irinsa. Abin da ke nuna ganga taka ce shi ne mai sito ya shigar da sunanka a littafinsa. Hanyar da aka saba ita ce takardar da suke kira delivery order: mai sayarwa ya sa hannu yana sanar da sito cewa ganga mai lamba kaza ta koma hannun wane, sito kuma ya amsa a rubuce. Idan ba a yi haka ba, sito dillali ya sani, bai san ka ba. Ranar da kamfanin ya rushe, sai ka shiga layin masu bin bashi. A 2025 wani binciken BBC ya nuna mutanen da aka sayar wa gangunan da babu su sam, da ganga ɗaya da aka sayar wa mutum fiye da ɗaya. Hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya ba ta kula da wannan ciniki, don haka babu asusun diyya da zai mayar maka da asara.

Ban ce ƙanen matarka macuci ba ne. Mai yiwuwa shi ma satifiket ɗin kawai ya gani. Amma ka taɓa biyan kuɗin kwantena a Apapa ba tare da takardar lodi mai sunanka ba, don kawai suruki ya ce ya ga kayan? To me ya sa ka yi a nan?

A ce ma gangar tana nan. Matsakaiciya tana cin kamar lita 250, kuma yawanci ana zuba sabon ruwan da ƙarfin kashi 63.5 cikin ɗari, wato kusan lita 159 na tsantsar barasa. Katako yana numfashi, kowace shekara kusan kashi 2 cikin ɗari na bin iska. Bayan shekara goma abin da ya rage bai wuce lita 130 ba, idan gangar ba ta yoyo. Ƙarfin ma raguwa yake yi, kuma dokar Birtaniya ta 2009 ta ce sai ruwan ya kwana aƙalla shekara uku a ganga a Sikotland, bai kuma gaza kashi 40 ba, kafin a kira shi wuskin Sikotland. Ga kuɗin ajiya da inshora duk shekara, ga kuɗin awo.

Haraji kuwa jiranka yake a bakin ƙofa. Muddin kaya na cikin sito ba ka biya, amma ranar da aka fitar don sayarwa a Birtaniya za a caje ka sama da fam 32 kan kowace lita ta tsantsar barasa. Lita 130 ta haura fam 4,000 ke nan, sannan harajin VAT kashi 20 cikin ɗari ya hau kan kuɗin wuskin da harajin duka. Kwalabe kusan 400 kuma, wa za ka sayar wa ba ka da lasisi? Shi ya sa yawancin masu ganga ke sayar da ita tana cikin sito, ga kamfanonin ɗura kwalba ko a gwanjo. Masu sayen nan lita suke ƙirgawa, kuma sun san farashin da dillali ya sayo kafin ya ɗora maka nasa. Wasu gangunan ma yarjejeniya ta hana a rubuta sunan masana'antar da ta yi wuskin a kwalba, wanda ke karya darajarsu. Wanda ya ce maka ninki uku, ka tambaye shi wa zai saya, a kan nawa, kuma ya rubuta ya sa hannu.

A wannan makon ka nemi dillalan su ba ka sunan sito, lambar ganga, sunan masana'anta, ranar zubawa da adadin lita. Ka samo adireshin siton da kanka, ba wanda suka ba ka ba, ka rubuta wa masu siton kana tambaya ko wannan lamba tana wurinsu da sunan wanda ke kanta. Idan tana nan, ka nemi a mayar da ita sunanka, ka biya a sake auna lita da ƙarfi. Idan dillalan suka ƙi faɗin sunan siton, ka nemi kuɗinka a rubuce tare da wa'adi, ƙanen matarka kuma ya kai rahoto ga 'yan sandan Birtaniya da rasit ɗin banki a hannu.