Kun Tambaya, Mun Amsa: Lambar Kapitan Mbaye Diagne, wa ake ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗan ƙanena soja ne, ya rasu a Mali cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta MINUSMA, aka kawo ma uwarshi lamba daga Majalisar Ɗinkin Duniya. A fada wasu na cewa ita ce lambar jarumta ta Mbaye Diagne, wasu na musu. Wane ne wannan Mbaye, kuma ina gaskiyar?
Daga wani dattijo, unguwar Bagalam, Maradi

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya jiƙan yaro, ya ba ku haƙuri. Lambobin biyu ne, ana yawan cakuɗa su. Ku ɗauko ta ku duba: in ta gilashi ce mai siffar ƙwai, da sunan mamaci a jiki, to ta Dag Hammarskjöld ce, tsohon babban sakataren Majalisar, wadda Kwamitin Tsaro na Majalisar ya kafa a 1997. Ita ake ba iyalan duk wanda ya rasa rai a bakin aikin kiyaye zaman lafiya.

Ta Mbaye Diagne daban take. An kafa ta ran 8 ga Mayu 2014 da ƙuduri mai lamba 2154, don soja, ɗan sanda ko farar hula na Majalisar da ya nuna jarumta ta fita daban cikin haɗari mai tsanani. Mutuwa a bakin daga kaɗai ba ta isa ba.

Shi Mbaye kapitan ne na sojan Senegal, Musulmi, haifaffen 1958. A 1994, shekarar kisan kiyashin Ruwanda, yana Kigali, babban birnin ƙasar, a matsayin ɗan sa ido na rundunar Majalisar, kuma ɗan sa ido ba ya ɗaukar bindiga. Ran 6 ga Afrilu aka harbo jirgin shugaban ƙasar, Habyarimana. Kashegari aka kashe firaminista Agathe Uwilingiyimana da sojojin Beljiyam 10 da ke gadinta. Mbaye ya taimaka aka kuɓutar da 'ya'yanta, ya kai su otal ɗin Mille Collines. Daga nan bai daina ba.

Dabararsa ta cancanci a tsaya a kanta. Ba ya kwasar jama'a a babbar mota, don ayari yana jan ido, kuma shinge ɗaya ya isa ya halaka kowa. Mutum uku zuwa biyar yake ɗauka a ƙaramar motarsa, ya kai, ya komo. A shingen 'yan Interahamwe, 'yan bangar da ke kisan, masu adduna, galibi a buge, sai ya yi raha da su, ya miƙa taba, ko kuɗi, ko giya. Da ma ya saba da fuskokinsu wajen yawon aiki, wannan sabon shi ne makaminsa. Kuma ku tuna, ran 21 ga Afrilu Kwamitin Tsaro ya rage rundunar zuwa mutum 270 kacal, ana tsakiyar yanka. Ɗaruruwan mutane suka tsira ta hannunsa.

Ran 31 ga Mayu 1994 bam ɗin igwa ya faɗi bayan motarsa a wani shinge, ɓaraguzan ƙarfe suka shigo ta gilashin baya suka same shi a ƙeya. Ko jakar gawa babu a rundunar. A cikin tamfal shuɗi aka naɗe shi.

Iyalinsa aka fara miƙa wa lambar, a 2016. A 2019 aka ba Chancy Chitete na Malawi, wanda aka harbe kusa da Beni a Kongo yana janye wani sojan Tanzaniya da ya ji rauni. A 2022 aka ba Kapitan Abdelrazakh Hamit Bahar na Chadi, da ya faɗi a Agelhok, arewacin Mali, a Afrilun 2021. Duka bayan rasuwarsu.

Tambaya: Na ji an ce ya saɓa wa umurni. Ana ba mai saɓo lamba?
Daga wata ɗaliba, unguwar Zariya, Maradi

Amsa: Ƙanwa, da gaskiyarki. Ƙa'idar aikinsa ba ta ba shi izinin fita ceto ba. Amma kwamandan rundunar, Janar Roméo Dallaire na Kanada, ya san abin da yake yi, bai hana shi ba. A ganinmu shirun kwamanda a irin wannan hali ya kusa zama izini. Sai dai a lura, Mbaye ransa kaɗai ya sa a tarko, bai ja sojan da ke ƙarƙashinsa ba. Kuma shekara 20 cur aka yi kafin Majalisar ta sa sunansa a kan lamba.