Amsa: Fitilar DAC ɗina ta kama amma babu sauti

Ɗan'uwa, ka ce ka jona DAC ɗinka (na'urar da ke mayar da bayanan dijital zuwa sautin da ake ji) da waya, fitilarsa ta kama amma shiru kake ji. Kada ka yi saurin ɗora wa na'urar laifi, fara da kebul tukuna. Wasu kebul ɗin caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai, shi ya sa fitila ke kamawa sauti bai zo ba.

Sannan ka duba saitin OTG, wanda ke ba waya damar aiki da na'urar da aka jona mata ta USB. A wasu wayoyin Android a kashe yake zuwa, kuma yakan kashe kansa bayan minti 10 in ba a amfani da shi.

In har yanzu shiru, gwada shi a kwamfuta. Idan ya yi a can, matsalar ta waya ce. Don Allah ka rage ƙara sosai kafin ka sa abin sauraro a kunne, ƙarfinsa na iya lahanta ji.