Filin Tambayoyin Uwargida: Me Ya Sa Taliyar Zukini Take Narkewa a Tukunya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a unguwar Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Wata uku ke nan da aka auna maigidana aka ce yana da ciwon suga, likita ya umarce shi da ya rage tuwo da shinkafa da taliya, alhali kuwa babu abincin da yake so kamar taliya da manja da yaji. Ƙanwata da take aure a Abuja ta aiko mini da wani abu mai kama da kokwamba, ta ce sunansa zukini, wai ana yanka shi siri-siri a ci a madadin taliya. Na yanka na zuba a tafasasshen ruwa kamar yadda na saba, sai ya narke ya koma kamar miyar kabewa. Ragowar da na yanka kuma na sa a firiza, da na fito da shi ya saki ruwa tsululu. Don Allah ina kuskuren yake, kuma yaya zan adana shi da wannan wutar tamu da ba ta zama?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya.

Sunan abin ne ya ja ki ga kuskure. Da aka ce miki taliya, sai kika yi masa irin dahuwar da kike yi wa taliyar leda ko 'yar murji, wadda busasshen garin alkama ce, kuma sai ta sha ruwa take kumbura ta dahu. Shi kuwa zukini kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne tun daga gona, saboda haka duk aikin da za ki yi, daga yanka har zuwa ajiya, aikin raba shi da ruwa ne. Wannan ruwan ne kuma ya sa yake da amfani ga maigida, domin giram 100 na ɗanyen zukini kalori (ma'aunin kuzarin da abinci yake ba jiki) 17 ne kacal da kimanin giram 3 na sitaci da suga, alhali giram 100 na dafaffiyar taliyar leda ya haura kalori 150, sitacinsa kuma ya kai giram 30.

Zukini ɗan'uwan kabewa ne, ana cire shi ne tun yana ɗanye shataf kafin ɓawonsa ya yi tauri. Asalin danginsa daga nahiyar Amurka ne, amma manoman arewacin Italiya ne suka fitar da wannan irin a ƙarni na 19, sunan ma a harshensu yana nufin ƙaramar kabewa. Idan za ki saya, ki zaɓi wanda tsawonsa bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, wato kamar tsawon tafin hannu haɗe da yatsu, mai tauri, mai sheƙi, wanda ba ya lotsawa idan kin danna. Manyan sun fi cika ido a kasuwa, amma cikinsu duk 'ya'ya ne da ruwa.

Akwai ɗan injin hannu da ake murɗa zukini a cikinsa kamar yadda ake feƙe fensir, ya riƙa fitowa zare-zare, amma ban ga dalilin da za ki matsa wa kanki neman sa ba. Ki wanke zukinin, ki tsane shi, ki yanke kai da gindi, kada kuma ki fere ɓawon, domin shi ne yake riƙe zaren kada ya kakkarye. Sai ki ɗauki abin fere dankali ki riƙa ja daga sama har ƙasa, yana fitowa fale-fale, kina juya shi har ki iso tsakiya inda 'ya'yan suke. A nan za ki tsaya. Tsakiyar ta fi ko'ina ruwa, gara ki yayyanka ta ki jefa a miyar taushe ko a wainar ƙwai. Falle-fallen nan sai ki jera su kan juna, huɗu ko biyar, ki sa wuƙa mai kaifi ki tsaga su a tsaye gwargwadon kaurin taliyar da kuka saba ci. Abin da ba na so ki yi shi ne gogawa da magogin kuɓewa, domin yana farfasa naman ya saki ruwansa tun kafin ya ga wuta.

Matakin da ya fi kowane muhimmanci shi ne na gishiri. Ki zuba zaren a gwagwa, ki barbaɗa kamar rabin ƙaramin cokali na gishiri ga zukini biyu, ki cakuɗa a hankali, ki ɗora gwagwar a kan kwano ki bar shi minti 15 zuwa 20. Gishiri yana jan ruwa daga cikin kayan lambu zuwa waje, kamar dai yadda kike gani idan kin sa wa yankakken kokwamba ko kabeji gishiri, kuma za ki yi mamakin ruwan da zai taru a kwanon. Daga nan ki juye a tsumma mai tsabta ki danna a hankali, ba matsa irin ta wanki ba. Idan maigida yana da hawan jini tare da sugan, kamar yadda yake faruwa ga mutane da yawa, ki ɗauraye zaren sau ɗaya da sauri kafin ki tsane, sa'an nan ki rage gishirin miya.

Dahuwar kanta ba ta da tsawo. Ki ɗora kasko mai faɗi a wuta mai ƙarfi, ki zuba babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja, ki soya albasa da 'yar tafarnuwa, sai ki zuba zaren kina jujjuyawa na minti 2 ko 3. Kada ki rufe kaskon, kada kuma ki cika shi, domin idan zaren ya yi yawa tururi ne zai turara shi maimakon ya soyu. Gara ki yi sau biyu. Ki sauke tun yana da ɗan garas-garas a baki, saboda zafin da ya ɗauka zai ci gaba da dafa shi a faranti. Idan da miya za a ci, ta zama soyayya mai kauri irin dage-dage, kuma a zuba ta a kai lokacin da za a ci. Idan kuwa manja da yaji ne, wannan suyar ta wadatar, yajin kawai za a barbaɗa.

Zan faɗa miki gaskiya, ba zai yi ɗanɗanon taliyar alkama ba, kuma ba ya riƙe ciki shi kaɗai. Ki haɗa masa da kifi ko ƙwai ko kaza ko wake. A farko ma na fi son ki gauraya rabi taliyar da ya saba rabi zukini, domin mutumin da aka raba shi da abincinsa rana ɗaya yakan gaji ya koma gidan jiya. Sa'an nan, idan yana shan maganin suga ko ana yi masa allurar insulin, ku sanar da likitansa cewa kun rage sitaci, saboda rage shi sosai ba tare da an daidaita magani ba yana iya sa sugan ya faɗi ƙasa fiye da kima, ya kawo jiri da rawar jiki da gumi.

Game da ajiya, firiza ce ta ɓata miki shi. Ruwan da ke cikinsa idan ya daskare yakan zama ƙanƙara mai tsini wadda take huhhuda naman, da ya narke sai komai ya zube. Wanda ya riga ya daskare bai lalace ba, amma sai dai miya. Idan kin yanka ya ragu, kada ki sa masa gishiri. Ki shimfiɗa tishu ko tsumma mai tsabta a roba mai murfi, ki zuba, ki sa a firij, kina canza shimfiɗar idan ta jiƙe. Zai kai kwana 3 idan sanyin bai yanke ba. Amma da yake wuta ba ta da tabbas, shawarata ita ce ki bar shi ɗungurungum ba wanki ba yanka, ki riƙa yanka na ci ɗaya kawai, tunda aikin bai fi minti 5 ba. A haka yakan yi kusan mako a firij. Idan babu wuta sam, dabarar nan ta tukunya cikin tukunya, wadda ake cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi a rufe da jiƙaƙƙen buhu, tana taimakawa ga wanda ba a yanka ba.  Dafaffe kuwa a cinye shi nan take, domin a zafin Katsina na watan Afrilu da Mayu bai kamata ya wuce awa ɗaya a waje ba.

TAMBAYA: Hajiya, ni mai noman rani ne a Daura. Na gwada shuka zukini da irin da na ajiye daga na bara, ya yi 'ya'ya sosai, amma wasu suna da ɗaci kamar duma. Iyali sun ce a dafa da kyau ɗacin zai fita. Haka ne?

AMSA: Malam, kada a ci, kada kuma a ba yara. Ɗacin nan na wani sinadari ne da ake kira kukabitasin, shi ne kuma yake cikin duma mai ɗaci, yana haddasa amai da gudawa da murɗar ciki mai tsanani, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Yakan bayyana a shukar da ta fito daga irin da aka ajiye a gida, musamman idan ya yi barbara da wani danginsa mai ɗaci, kuma tsananin zafi da ƙarancin ban-ruwa suna ƙara shi. Ka tuge shukokin da suka ba da masu ɗacin, ka sayi sabon iri daga amintaccen mai sayarwa, ka shuka da sanyin hunturu, wanda cikin kwana 50 ko kusa da haka za ka fara cira. Uwargida kuma ta riƙa yankar ɗan ƙarami daga wajen kan kowane ɗaya ta ɗanɗana kafin ta fara yanka, idan ta ji ɗaci ta tofar ta zubar da shi gaba ɗaya.